Wa Ke Riƙe da Wayar?

A Iquitos, inda titin mota bai iso ba,
ruwan Itaya ya hau matakalarmu ta uku.
Gidanmu na tsaye kan ƙafafun katako,
waya guda gare mu, fuskarta a tsage,
kullum Jhordan ke riga kowa kai hannu.

"Mama, zo ki gani!"
Na bar ayaba a kan wuta.
Wani mutum ne tsugune bakin rami a cikin laka,
ya fasa ƙwai, ya tuttula lemun kwalba,
ramin ya yi kumfa, sai ga tarwaɗa,
ɗaya, biyu, har bakwai,
suna fitowa kamar an kira su da suna.
"Mutum miliyan huɗu sun kalla," in ji ɗana,
"ai gani ya kori ji."

Hannuna ya tashi zai fizge wayar, na mayar da shi.
Na taɓa fizgewa a bara,
ya tafi gidan su Ronaldo ya kalli ninki biyu.

Mahaifina Eleuterio na gyaran koma a bakin ƙofa,
shekara hamsin da ɗaya yana bin kifi.
Bai ce ƙarya ba ne. Cewa ya yi,
"Idona ya tsufa, ara mini naka. Maimaita.
Kifin da ya kwana a laka, yaya jikinsa?"
"Duk laka."
"Waɗannan fa?"
Jhordan ya kai hanci kusa da gilashi.
Tas suke, sai sheƙi, kamar daga bokiti.
"Da ya fasa ƙwai, ina inuwarsa?"
"Hagu."
"Da kifi ya fito?"
Shiru. Can ya ce, "Dama."
"To, wa ya cinye tsakiyar ranar?"

Maricielo, 'yar shekara shida,
tana lasar gishiri a yatsa, ta ce,
"Hannunsa biyu na cikin rami.
Wa ke riƙe da wayar?"
Tsoho ya yi dariya har allura ta faɗi ruwa.

Ya ce, "Ni ma sana'ata ƙugiya ce.
Ban taɓa ba kifi tana don ina ƙaunarsa ba.
In ka ga abinci na lilo a gabanka kyauta,
ɗaga kai ka nemi zaren."

Yaro bai sallama ba, jinina ne.
Ya roƙi ƙwai guda, na ba shi ina ƙunƙuni.
Suka tuƙa kwalekwale zuwa gaɓa,
suka haƙa, suka fasa, suka tuttula, suka jira.
Tururuwa ce ta amsa gayyata.

Washegari ya ari kifi uku daga kwandon kakansa,
ya cusa su a rami, ƙanwarsa ta ɗauka,
ya yanke farkon, ya bar ƙarshen,
ya ruga ya nuna wa Ronaldo.
Ya dawo yana dariya tun daga gada,
amma kafin ya hau matakala dariyar ta ƙare.
"Ya yarda, Mama. Ko tambaya bai yi ba.
Yana neman ƙwai a ɗakin babarsa."
Na ce, "To?"
Ya daɗe yana kallon ƙafarsa.
Sai ya juya, ya koma.

Har yau yana kallo, ban hana ba.
Sai dai da dare, in na kasa kunne,
nakan ji muryar cikin waya ta tsaya cak,
ta koma baya, ta sake tsayawa.

Jiya zazzaɓi ya kama shi.
Na miƙa cokali, na ce, "Sha, ba ɗaci."
Ya dubi cokalin, ya dube ni,
ya ce, "Fara sha in ga fuskarki."